Sabon mai hayaƙi ko na hannu mai shiru: injin da ya dace da tsohon jirgi

Ranar da muka je ganin jirgin ruwan a Ada Foah, garin bakin teku a Ghana, ni fentinsa ne ya ɗauke mini hankali. Kawu ko kallon fentin bai yi ba. Ya zagaya baya, ya zaro sukudireba daga aljihu, ya cusa ta a ɗaya daga cikin ramukan da notin tsohon inji ya bari a allon baya. Da ya zare ta sai ga wani ruwa mai kalar shayin da ya kwana yana tsiyaya, ga ruɓaɓɓen katako manne a bakinta. Ya shinshina, ya miƙo mini.

"Kai yaro, a kan wannan za ka ɗaura inji mai ƙarfin doki arba'in?"

Na ce, "Kawu, ai mai shi ya rantse bara ma ya yi aiki."

Ya ce, "Bara ma ni ina da haƙori a nan gefen."

Jirgin faiba ne, wato na zaren gilashi da aka daskarar da gam, tsawonsa ƙafa 19, ya daɗe kife a ƙarƙashin bishiyar kwakwa. Mun saye shi duk da haka, bayan ruwan shayin nan ya sauko mana da kuɗinsa sosai. Niyyarmu ita ce ɗaukar baƙin da ke zuwa daga Accra shan iska Asabar da Lahadi, a kai su tsibirai da bakin Azizanya inda Volta ke shiga teku, ranakun aiki kuma a ɗan yi jigilar kaya. Kawu ya yi shekaru yana fataucin bandar kifi a Yeji, don haka shi ne idona a wannan harka. Tun daga lokacin, duk wanda ya ji labari a wurin shan atayarmu a Nima sai ya tambaye ni inji wane iri zai saya. Ga amsar a rubuce, don na gaji da maimaita ta.

Sai dai kafin maganar inji, a gama da allon baya, domin shi ne zai ɗauki nauyin injin da turinsa duka. A yawancin tsofaffin jiragen faiba, allon nan falankin filawud ne aka lulluɓe da faiba ciki da waje. Ruwa na shiga ta ramukan noti, katakon ya ruɓe a ɓoye, fatar waje kuma tana nan tana ƙyalli. Ka bi shi da ƙaramar guduma: inda yake da lafiya ƙara za ka ji mai kaifi, inda ya mutu kuwa sai ka ji kamar kana bugun kabewa. In akwai inji a ɗaure, ɗaga ƙafarsa sama ka danna ta da ƙarfi kana kallon allon. Muddin ya motsa, to ba faci zai yi maka ba. Mu ta ciki muka yanke, muka bar fatar waje don siffar jirgin kada ta ɓaci, muka kankare ruɓaɓɓen har ƙasa, muka bar wurin ya bushe cikin iskar hunturu, sannan muka haɗa falle biyu na filawud ɗin ruwa. A nan akwai ɗan zaɓi tsakanin rezin, wato gam ɗin haɗa faiba, na foliyesta da na efoksi. Foliyesta ta fi araha, ita aka gina jirgin da ita tun farko, kuma ana samunta cikin sauƙi. Efoksi ta fi ta tsada nesa ba kusa ba, amma ta fi kama katako da tsohuwar faiba, ta kuma fi hana ruwa shiga. Mun manna katakon da efoksi. Wanda aljihunsa bai kai ba ya yi da foliyesta, amma ya kankare wurin da kyau, ya kuma toshe kowane ramin noti da maganin ruwa kafin ya ɗaure.

To, hanyoyi uku ne a gaban mai tsohon jirgi. Ko ya farfaɗo da injin da ya zo da shi, ko ya sayi na hannu mai bugu huɗu cikin kayan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, waɗanda a nan ake kira hom-yus, ko kuma ya sayi sabon mai bugu biyu irin wanda ya cika kwatar Jamestown da Chorkor da Tema, wato Yamaha Enduro mai doki 40. Sabon mai bugu huɗu ban sa shi a lissafi ba, don wanda ke da kuɗinsa da wuya ya tsaya sayen jirgin da ke kife a gindin kwakwa.

Hanya ta farko ba ta buƙatar dogon zance, gwaji uku ne ke yanke mata hukunci. A cire fulogi a auna matsin kowace silinda. In bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100, akwai aiki babba a ciki. A kwance notin ƙasa na akwatin giya a ga man da zai fito: baƙi ko ruwan zuma ba laifi, amma in ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, robobin da ke tare shi sun mutu, wataƙila ma haƙoran giya sun yi tsatsa. Na uku, a sa sifana a notocin kan inji. Gishiri na haɗe notin ƙarfe da jikin alminiyam har su zama abu ɗaya, kuma in suka fara karyewa ɗaya bayan ɗaya, kuɗin haƙo su kaɗai zai sa ka yi da-na-sani. Sannan a dubi sunan da ke jikin murfin. Kamfanin OMC mai ƙera Johnson da Evinrude ya karye a ƙarshen 2000, kamfanin da ya gaji sunayen kuma ya daina ƙera Evinrude a 2020. Injinan suna da kyau a zamaninsu, amma a nan gaɓar tamu kayan gyaransu sai an yi oda, ana jira ana ƙirga kwana. Namu ƙirar Amurka ne, ya faɗi gwaji biyu cikin uku, muka sayar wa masu gwangwan. Da a ce tsohon Enduro ne mai matsi daidai, da na gyara shi ban yi shawara da kowa ba.

Gardamar gaske tana tsakanin na biyu da na uku, domin a lokacin da muka shiga kasuwa kuɗinsu ya zo kusa da juna. A kuɗi ɗaya, ko ka ɗauki sabo mai tsohuwar fasaha, ko ka ɗauki tsoho mai sabuwar fasaha.

Bambancinsu daga ciki yake. Mai bugu biyu ba shi da bawul irin na injin mota, ba shi da tukunyar baƙin mai. Fistin da kansa ke buɗe ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi, kuma akwai ɗan lokacin da ƙofofin biyu ke buɗe tare, sai wani kaso na ɗanyen fetur ya bi hayaƙi ya fice bai ƙone ba. Shi ya sa yake shan mai, shi ya sa yake barin wannan shuɗin hayaƙi da maiƙo a kan ruwa, abin kuma ya fi muni in ana tafiya a hankali. Man da ke shafa masa gaɓoɓi a cikin fetur ake zuba shi. Mai bugu huɗu kuwa injin mota ne aka tsayar da shi a tsaye: bawul, bel, tukunyar mai, matatar mai, na zamani kuma da injekta mai fesa fetur da ƙaramar kwamfuta. Dokokin hana gurɓata iska ne suka kori mai bugu biyu mai kafireta, wato tsohuwar na'urar haɗa fetur da iska, daga kasuwar sababbin injuna a Amurka da Turai tsakanin 2006 da 2010. Abin da wannan ke gaya maka a kasuwar hom-yus shi ne, duk irinsa da ka gani daga can ya tsufa ƙwarai, komai sabuntar fentin murfinsa.

A maganar shan mai, mai bugu huɗu ya yi gaba, babu ja. In an buɗe wuta duka, Enduro 40 na shan wajen lita 20 a awa, mai bugu huɗu mai ƙarfi ɗaya da shi kuma wajen lita 15. Ba wanda ke yini a buɗe da wuta duka, amma ko a matsakaiciyar tafiya tazarar ba ta rufewa. Ɗauki lita 4 a awa ka yi lissafi da ita. Mai aiki awa 5 a mako zai yi wajen awa 250 a shekara, lita 1,000 ke nan. Ninka da farashin fetur na yau a gidan mai, ka ƙara kuɗin man gauraye, domin a ma'aunin 50 da 1 kowace lita 25 ta fetur na cin rabin lita. Kuɗi ne na gaske. Wannan lissafin ne ya ruɗe ni, na ƙi jin maganar Kawu ta a sayi sabon mai bugu biyu, na ɗauko hom-yus.

Kuma wallahi makonnin farko na ji daɗinsa. Ka murɗa makulli ya tashi, ba jan igiya har kafaɗa ta yi tsami. Baƙi na hira a cikin jirgi ba sai sun ɗaga murya ba, mata ba sa toshe hanci da gyale. Wata hajiya daga Madina har tambayata ta yi ko injin a kashe yake. Ga mai ɗaukar 'yan shan iska wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ne ma hajar da kake sayarwa.

Sai ga shi ana saura kwana huɗu Ista, lokacin da Ada ke cika maƙil, injin ya fara tari, ya mutu a tsakiyar ruwa. Fetur ne muka zubo daga jarkar nan rawaya da ake kira galan ɗin Kufuor, ashe akwai ruwa da ƙura a gindinta. Da kafireta ce, yaron masta zai kwance ta a kan buhu a bakin ruwa, ya wanke, ya hura, kafin la'asar an tashi. Injekta ba ta san wannan ba. Ruwan ya lalata famfon mai na ciki, bakaniken bakin ruwa ya buɗe murfi ya ga wayoyi ya mayar ya rufe, ya ce, "Alhaji, wannan ba nawa ba ne, sai Tema." Maza huɗu muka cicciɓe shi zuwa mota, kuma sai da muka kula da gefen da za a kwantar da shi, don in aka kwantar da mai bugu huɗu a gefen da bai dace ba, baƙin mai na gangarawa cikin silinda. Na zaga Abossey Okai, inda ake cewa ba kayan motar da za ka nema ka rasa, ban samu famfon ba. Mako uku jirgi na ɗaure. Ribar man da na lissafa ta rabin shekara ta tafi a Ista ɗaya.

Ba laifin injin ba ne, in za a faɗi gaskiya. Da na sa masa matata mai raba ruwa da fetur tsakanin tanki da inji tun ranar farko, da hakan bai faru ba. Amma a nan ne na gane abin da masuntan Ga da Fante da Ewe suka daɗe da ganewa. Enduro silinda biyu ne, cc 703, nauyinsa kilo 70 da 'yan kai, mutum biyu na ɗaukarsa, wani ƙato ma shi kaɗai yake saɓa shi a kafaɗa ya hau da shi tudu. Ba ya buƙatar batir. Daga Aflao har Half Assini, daga Akosombo har Yeji da Buipe, da wuya ka sauka kwatar da babu mai gyaransa, babu mai sayar da fulogi da zoben fistin da robar famfon ruwansa. Mai bugu huɗu mai doki 40 kuwa ya doshi kilo 100, ga batir a kai. Wannan ƙarin kilo 25 ko 30 a can ƙarshen tsohon jirgin da aka zana shi don inji marar nauyi yana dannar da baya. Mu sai da muka mayar da tanki da batir gaba kafin ruwa ya daina leƙowa ta ramin magudana.

Sai maganar firimis, wadda ita kaɗai tana iya juya lissafin duka. Man nan ne shuɗi da gwamnati ke tallafa wa masunta da shi, an riga an gauraya shi da man inji, ana sayar da shi ta hannun kwamitocin kwata. Don mai bugu biyu aka yi shi. In kai masunci ne mai rajista kana samunsa, to ribar ƙarancin shan mai ta mai bugu huɗu ta narke, don shi fetur ɗin gidan mai zai sha a cikakken farashi, in ka ba shi firimis kuma fulogoginsa su yi baƙi, injektocinsa su toshe. In kuwa kai irina ne mai ɗaukar baƙi, kada ka gina lissafinka a kansa. Ba naka ba ne, karkatar da shi laifi ne, kuma su kansu masu haƙƙin sukan yi makonni suna jiran tanka.

Wurin da jirgin zai yi aiki ma yana da ta cewa. A tafkin Volta, tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya haɗiye dazuzzuka, kututturan itatuwa na nan tsaye a ƙarƙashi har yau. Can za ka so injin da in ƙafarsa ta daki kututture za ka samu farfela da kayan giya a Dambai ko Kete Krachi, ba sai ka aika Accra ba. A Ada kuwa abokan gabarka gishiri ne da ciyawar ruwa da ledar fiya-wata, kuma su ba sa bambanta mai bugu biyu da mai huɗu.

Hukuncina ke nan: masunci, da mai jigila a tafki, da duk wanda ke nesa da Tema ya ɗauki sabon mai bugu biyu ya huta. Mai ɗaukar baƙi a ruwan da ke kwance ba igiya, wanda ke yin awoyi da yawa a tafiyar hankali, mai bugu huɗu ne ya dace da shi, amma da sharaɗi: ya riga ya san bakaniken da ke da kwamfutar duba shi, ya sa a karanta masa awoyin da injin ya yi kafin ya biya, ya gan shi yana aiki a cikin duro na rabin awa, ya sa matatar ruwa, ya kuma yarda da canjin baƙin mai duk awa 100. Wanda bai cika waɗannan ba, hom-yus caca ce. Ni ban cika ba, don haka bayan an gyara shi na sayar, muka ɗauko sabon Enduro. Har yanzu in na ga baƙo na kaɗe hayaƙi daga fuskarsa sai na tuna da shirun wancan.

Ko wanne ka zaɓa, ɗaurin ne ke nuna ko za ka mori kuɗinka. Fara da tsawon ƙafa. Auna allon baya daga saman inda inji zai zauna zuwa ƙasan jirgi: inci 15 na gajeriyar ƙafa ne, inci 20 na doguwa. Kada ka saurari mai cewa a sa katako a cike. Faifan nan da ke saman farfela ya zo daidai da ƙasan jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce inci ɗaya ba. Ya yi sama, farfela ta riƙa shaƙar iska tana kuka a banza, musamman a kwana. Ya yi ƙasa, kana jan ƙarfe a cikin ruwa kana biya da fetur. A ɗaure shi da noti mai ratsa allon, ba da maƙallan hannu kaɗai ba, a kuma ƙara masa sarƙa ko igiya, don injuna da yawa na kwance a gindin kogin nan. Sandar karkata inji kuma ramuka gare ta. In goshin jirgi na tsalle yana dukan ruwa, matso da ƙafar kusa da allo rami ɗaya. In yana noma ruwa da hanci, sitiyari ya yi nauyi, matsar da ita waje.

Awa 10 na farko na sabon Enduro horo ne. Ana ninka man gauraye, 25 da 1, wato lita ɗaya a tankin lita 25, ba a kuma riƙe shi a cikakkiyar wuta. A yi amfani da man injin ruwa mai alamar TC-W3, ba na babur ba, balle baƙin man mota da wasu ke zubawa. Duk tashi, kafin ka sa giya, waiwaya ka ga siririn ruwan nan da ke fita ta gefe, mu dai fitsari muke ce masa. Inji ba ya fitsari, kashe shi nan take, galibi leda ce ta rufe masa hanci. Kada a taɓa tayar da shi a tudu ba ruwa, ko na ɗan lokaci, robar famfon ƙonewa take yi. Bayan aikin ruwan gishiri a wanke cikinsa da ruwan daɗi, guntun tutiyar da ke ƙafarsa kuma kada a shafa masa fenti, aikinsa ke nan gishiri ya ci shi a bar injin. Igiyar kashe inji a ɗaura ta a hannu, rigar hana nutsewa ta ishi kowa, takardun jirgi kuma a gama su da Hukumar Kula da Harkokin Ruwa ta Ghana kafin a ɗauki fasinja ko ɗaya. Bakin teku a Azizanya, inda kogi da igiyar ruwa ke karo, ba wurin koyon tuƙi ba ne.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne farfela. Enduro 40 ana so ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti in an buɗe masa wuta duka da irin kayan da ya saba ɗauka. Farfelar da ta zo da namu mai taku 13 ce, wato a lissafi inci 13 take tura jirgi gaba a kowane juyi. Da ni da Kawu kaɗai jirgi tashi yake yi kamar zai bar ruwa, amma da mutum takwas da kulolin abincinsu sai ya riƙa nishi, ya kasa hawa kan ruwa. Na sayo ƙaramin agogon juyi, irin wanda ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi, ya nuna mana muna ƙasa da 4,500. Inji a haka wahala yake sha, yana tara baƙin toka a kan fistin. Kowane inci ɗaya da ka rage a takun farfela yana ƙara juyi 150 zuwa 200, don haka muka sauka zuwa 11.

Ranar gwaji muka cika jirgin da buhunan yashi daidai nauyin mutum takwas, Kawu ya zauna a tsakiya riƙe da agogon, tabarau a kan hanci. Na buɗe wuta daga gaban tsibiri, goshi ya ɗaga, ya sauko, jirgi ya kwanta a kan ruwa ya miƙe. Ya ɗaga mini yatsu huɗu, sannan takwas, wato juyi 4,800. Da muka dawo kwata na ce, "Kawu, yanzu kam mun gama."

Bai amsa ba. Ya taka daɓen jirgin kusa da kujerar tsakiya, ya sake takawa da dunduniya, wurin ya ɗan lotsa. Ya sa hannu a aljihu yana laluben sukudireba.